Koyon Karatun Hiragana: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Farawa

Duk wanda ya ƙudurci koyon harshen Japan, ko don neman gurbin karatu, ko aiki, ko kasuwanci, ko sha'awa kawai, hiragana ce ƙofar da zai fara shiga. An amsa tambayoyin nan ne da Bahaushe a zuciya, domin akwai inda bakinmu da kunnenmu suka riga suka rage mana aiki, akwai kuma inda sabo da rubutun boko yake yi mana tarnaƙi.

Mece ce hiragana, kuma me ya sa ake cewa da ita za a fara?

Japanawa suna cuɗa rubutu iri uku a jimla ɗaya. Akwai kanji, alamomin da suka aro daga Sin, kowace tana ɗauke da ma'ana. Akwai katakana, wadda ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi da ita. Sai hiragana, mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda nahawun harshen yake kanta.

Dubi 食べます, wato ana ci. Alamar farko kanji ce, ita ce ke nuna cewa zancen ci ake yi. Sauran ukun hiragana ne. Idan aka rubuta 食べました ya zama an ci, idan kuma aka rubuta 食べません ya zama ba a ci. Kanjin bai motsa ba, wutsiyar ce take sauyawa. Wanda ya san kanji dubu amma bai iya hiragana ba, zai gane cewa maganar abinci ce, sai dai ba zai san ko an ci ko ba a ci ba. Bayan haka, babu kalmar Japananci da ba za a iya rubutawa da hiragana zalla ba, kuma da ita ake nuna wa mai karatu yadda zai furta kanji mai wuya. Su ma yaran Japan da ita suke farawa.

Haruffa nawa ne?

Na asali 46 ne. Biyar wasula ne: あ a, い i, う u, え e, お o. Sauran kuwa kowane harafi gaɓa ce cikakkiya, baƙi da wasalinsa a haɗe: か ka, き ki, く ku, け ke, こ ko. Wanda ya yi makarantar allo ya san ana fara babbaƙu kafin a shiga farfaru. A nan babu wannan rabuwa, harafi da wasalinsa tare suke zuwa, kuma siffar ka ba ta da alaƙa da siffar ki. Harafi ɗaya ne kawai ba shi da wasali, shi ne ん, n.

Ana jera su a jadawalin da ake kira gojuon, sahu goma: a, ka, sa, ta, na, ha, ma, ya, ra, wa. Ka haddace wannan jerin tun ranar farko, domin da shi ake tsara ƙamus da jerin sunaye, kuma juyin aikatau a nahawu yana bin sahun nan. Asalin jerin daga tsarin rubutun Sanskirit na Indiya ne, malaman addinin Buddha suka kawo shi. Sahun ya haruffa uku ne kawai, や ゆ よ, sahun wa kuma biyu, わ da を. A da akwai ゐ da ゑ, gyaran rubutu na 1946 ya fitar da su daga amfanin yau da kullum.

Idan aka ƙara haruffa 25 masu ɗauke da alama a kafaɗa, da haɗe-haɗe 33, lissafin yakan kai 104. Kada adadin ya tsorata ka. Siffofin da za ka koya 46 ɗin nan ne, sauran duk daga jikinsu aka fitar.

Daga ina ta samo asali?

Japanawa ba su da rubutu nasu kafin na Sin ya iso musu. Da suka so rubuta harshensu, sai suka riƙa ɗaukar wasu alamomin Sinanci don sautinsu kawai, suna watsar da ma'anar. Rubuta alama mai zane da yawa don gaɓa ɗaya aiki ne mai gajiyarwa, saboda haka masu rubutu da buroshi suka riƙa saurin hannu suna haɗe zanen, har siffar ta narke. Haka 安 ya zama あ, 以 ya zama い, 加 ya zama か. Idan ka ajiye su gefe da gefe za ka ga kamannin.

Wannan ya kankama a zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, lokacin da fadar sarki take birnin da yau ake kira Kyoto. Maza masu mulki da Sinanci suke rubuta takardun hukuma, matan fada kuwa suka rungumi sabon rubutun, har ana ce masa onnade, hannun mata. Da shi wata matar fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta labarin Genji a farkon ƙarni na 11, wanda har yau ake karantawa. Rubutun da manya suka ɗauka ƙarami ne, shi ya haifi mafi shaharar adabin wancan zamani.

Tsawon ƙarnoni sauti ɗaya yana iya samun siffofi da dama. A 1900 hukumar ilimi ta tsayar da siffa ɗaya ga kowane sauti. Tsofaffin siffofin ana ganinsu jefi-jefi a allunan wasu gidajen abinci na gargajiya, musamman masu sayar da taliyar soba.

Furucin yana da wuya ga Bahaushe?

A nan ne muka yi sa'a, kuma ya kamata mai koyo ya san girman sa'ar. Wasulan Japananci biyar ne, su ne biyar ɗin Hausa. Yawancin gaɓoɓinsu baƙi ne da wasali, kamar namu. Ka furta Yamaha, Suzuki, Kawasaki, za ka ji bakinka bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba: やまは, すずき, かわさき. Harafin し shi ne shi ɗinmu, ち kuwa ci ne kamar a kalmar ciki, じ kuma ji.

Abubuwa uku da suke wahalar da masu jin Ingilishi, mu da su muka tashi. Na farko tsawon wasali. Mun san bambancin gari da ake zama cikinsa da garin tuwo. Haka Japanawa suke bambanta おばさん obasan, gwaggo ko inna, da おばあさん obaasan, kaka. Na biyu nanata baƙi: yadda daba ta bambanta da dabba, haka さか saka, gangare, ya bambanta da さっか sakka, marubuci. Na uku hawa da saukar murya. Kukan yaro daban, kukar miya daban. A Japanancin Tokyo, あめ da aka fara a sama aka sauko ruwan sama ne, wanda aka fara a ƙasa aka hau kuma alewa ce. Hiragana ba ta nuna karin sauti, kamar yadda boko ba ya nunawa, sai dai kunne ya kama. Kunnen Bahaushe kuwa ya saba da wannan aikin. Abin da ake buƙata shi ne ka riƙa sauraron masu harshen tun daga makon farko, ka bar kunnen ya yi abin da ya iya.

To ina ne Bahaushe ya fi yin kuskure?

Na farko つ. Ana rubuta shi tsu da haruffan boko, sai bakinmu ya ruga ga tsa ta tsuntsu da tsamiya, wadda ake matse maƙogwaro a fitar da ita da ƙarfi. Ta Japananci ba haka take ba. Ka sa harshe kamar za ka ce t, ka sake shi ya zarce cikin s, iska tana fita a sake, maƙogwaro a buɗe.

Na biyu, fa da pa. A Hausa ko ka ce fanka ko panka duk za a gane ka, amma Japanawa suna raba su. Ga ぷ pu leɓɓa suna rufewa ruf sannan su buɗe. Ga ふ kuwa ba sa haɗuwa, iska ce take bi ta tsakaninsu, haƙora ba sa taɓa leɓe, sautin yana tsakanin fu da hu. Wanda ya saba jin Bakano ya ce fuska, Basakkwace ya ce huska, ya san wannan yankin sosai.

Na uku, ra ri ru re ro. Kada a karkaɗa harshe. Taɓawa ɗaya zai yi a bayan haƙoran sama ya sauka. Sai wasalin う, wanda ba a turo baki gaba sosai wajen faɗarsa. Kuma i da u sukan dusashe tsakanin baƙaƙe irin su s, k, t, ko a ƙarshen kalma: です ana jinsa kamar des, すき kamar ski, amma a rubuce wasalin yana nan.

Tunda ana iya rubuta Japananci da haruffan boko, me zai hana in tsaya a kansu?

Ana iya rubutawa, sunan wannan romaji. Tsarin da ya fi yaɗuwa yana ɗauke da sunan James Curtis Hepburn, likita ɗan mishan daga Amurka wanda ya wallafa ƙamus na Japananci da Ingilishi a 1867. Za ka gan shi a allunan tashoshin jirgin ƙasa da fasfo. Amma jarida, littafi, takardar haya, saƙon waya, takardar magani, babu wanda ake rubutawa da shi.

Illarsa ga mai koyo ta wuce haka. Ido malalaci ne, muddin akwai boko a ƙarƙashin layi, can zai sauka, hiraganar ta zama ado. Sannan romajin da ake gani a kasuwa yakan zubar da tsawon wasali. Ana rubuta Tokyo, alhali a Japananci とうきょう ne, duka wasulan biyu dogaye. Ga Bahaushe haɗarin ninki biyu ne, don bokonmu ya riga ya koya mana cewa ba dole ba ne a rubuta tsawon wasali, mai karatu zai cike da kansa. A Hausa muna iya cikewa saboda mun san kalmomin. A harshen da ba mu sani ba, abin da ba a rubuta ba ya ɓace mana ke nan.

Shawarata ita ce ka yi amfani da romaji na 'yan kwanakin farko don kama sautin kowane harafi, daga nan ka rufe shi. Idan littafinka yana da shi a ƙarƙashin layi, sa takarda ka kare.

Mene ne aikin 'yan zane biyu da ɗan da'irar da nake gani a kafaɗar wasu haruffa?

'Yan zanen biyu sunansu dakuten, a baki kuma ana ce musu tenten. Suna nauyaya baƙi: か ka ya koma が ga, さ sa ya koma ざ za, た ta ya koma だ da, は ha ya koma ば ba. Sahu huɗu, haruffa 20. Da'irar, handakuten ko maru, sahun ha kaɗai take hawa, ta mai da shi pa: ぱ ぴ ぷ ぺ ぽ.

Mai lura zai tambaya me ya haɗa ha da ba da pa. Tarihi ne. Sahun ha a tsohon Japananci pa ne, ya sassauto ya zama fa, daga baya ya zama ha. 'Yan mishan na Fotugal da suka buga ƙamus a Nagasaki a 1603 sun rubuta sunan ƙasar Nifon, domin haka suka ji ana faɗa a lokacin. ふ shi ne ya rage a tsohon matsayin.

Akwai ぢ da づ, waɗanda furucinsu ɗaya ne da じ da ず. Ba su da yawa, sai a kalmomi irin つづく, ci gaba, da はなぢ, haɓo.

Wasu haruffan ana rubuta su ƙanana. Kuskuren bugu ne?

A'a, girman harafi yana sauya kalma. Idan ƙaramin ゃ ゅ ょ ya biyo harafi mai wasalin i, sai su narke su zama gaɓa ɗaya: き da ƙaramin ゃ su ba da きゃ, kya, kamar a kyau. ぎゃ kuma gya ne kamar a gyaɗa. しゃ sha, ちゃ ca, じゃ ja, duk namu ne. Waɗanda za su buƙaci horo su ne irin りょ a りょこう, tafiya, da ひゃ a ひゃく, ɗari. Kula da girman da kyau: びょういん asibiti ne, びよういん kuwa shagon gyaran gashi. じゅう goma, じゆう 'yanci.

Ƙaramin っ kuma ba a furta shi tsu. Aikin shadda yake yi, yana nanata baƙin da ke binsa. きて kite, zo. きって kitte, kan sarki na wasiƙa. Bambancinsa da shadda shi ne yana zaune a gurbinsa kafin baƙin, kuma ana ƙirga shi bugu guda.

Mene ne wannan bugun da ake ƙirgawa?

Japananci yana tafiya ne da bugu masu tsawo ɗaya, kuma kusan kowane harafin hiragana bugu guda ne. Dogon wasali bugu biyu, ƙaramin っ bugu, ん ma bugu. Ƙananan ゃ ゅ ょ ne kawai ba su da nasu. Saboda haka とうきょう bugu huɗu ne, にっぽん huɗu, きょうと uku. Da wannan ma'auni ake auna gajeriyar waƙar nan ta haiku mai 5, 7, 5. Idan kana karatu ka riƙa buga yatsa a tebur, harafi ɗaya bugu ɗaya. Yana gyara furuci fiye da yadda ake zato.

Yaya ake rubuta dogon wasali?

Ana ƙara wasali a bayan harafin: おかあさん uwa, おにいさん yaya namiji, くうき iska. Wurare biyu ne suke ruɗarwa. Dogon o yawanci da う ake rubuta shi, shi ya sa ありがとう ake furta shi arigatoo, おはよう kuma ohayoo. Wasu kalmomi ƙalilan suna ɗaukar お, kamar おおきい babba, とおい mai nisa, da sunan birnin おおさか. Waɗannan haddace su ake yi. Dogon e kuma yawanci da い yake zuwa: せんせい, malami, ana jinsa sensee.

Me ya sa こんにちは ya ƙare da ha amma ake cewa wa?

Haruffa uku suna sauya furuci idan suna aikin nahawu. は idan yana nuna abin da ake magana a kai, wa ake cewa: わたしは がくせいです, ni ɗalibi ne. へ idan yana nuna inda aka nufa, e ne: にほんへ いきます, zan tafi Japan. を kuma o ake furtawa, aikinsa nuna abin da aiki ya faɗa wa: みずを のみます, ina shan ruwa. Gyaran 1946 ya daidaita rubutu da furuci a kusan ko'ina, amma ya bar waɗannan ukun a tsohon rubutunsu. Gaisuwar こんにちは guntun jimla ce da ta fara da "yau kuwa", shi ya sa は ɗinta yake wa. A cikin kalma kuwa は ha ne: はな, fure. Gwada wannan: ははは げんきです. Biyun farko haha ne, mahaifiyata, na ukun wa.

ん fa?

Yana bin baƙin da ke gabansa. Kafin b, p, m yakan zama m: しんぶん, jarida, ana jinsa shimbun. Kafin k da g yana komawa can baya ta hanci. Mu ma haka muke yi, muna rubuta gidan biki muna faɗin gidam biki. Kalma ba ta farawa da shi.

Dole ne in koyi rubutawa da hannu, alhali da waya zan riƙa rubutu?

Ba dole ba ne, amma wanda ya tsallake shi ya cuci kansa. Harafin da ido kawai ya sani yana saurin gudu, wanda hannu ya zana sau ashirin yana zama. Kuma hannu ne yake koya wa ido inda bambancin haruffa masu kama yake.

Kowane harafi yana da jerin zanensa, daga ɗaya zuwa huɗu. く し つ の へ ん zane ɗaya ne, あ uku, き da な huɗu. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Ana kuma kula da yadda zane yake ƙarewa, ko a tsaya cak, ko a ɗan ƙugiya, ko a share alƙalami a hankali. Bin jerin ne yake ba harafi daidaiton da zai sa a gane shi ko an yi saurin hannu. Nemi littafin lissafi mai gidaje murabba'i, ka ba kowane harafi gidaje huɗu, biyu sama biyu ƙasa, don ka ga inda kowane zane yake farawa.

Abu ɗaya da yake ruɗa masu koyo: a bugun kwamfuta さ da き da り sukan fito a haɗe, a rubutun hannu kuwa ana ɗaga alƙalami a bar ɗan gibi. Duka daidai ne. Ka kwaikwayi samfurin rubutun hannu.

Wasu haruffan sun yi kama da juna ƙwarai. Yaya zan raba su?

Kowa yana faɗawa wannan ramin. ぬ nu yana da ɗan ƙulli a wutsiya, め me ba shi da shi. Haka る ru da ろ ro. A ukun nan, ね ne wutsiyarsa ƙulli, れ re wutsiyarsa ta harba waje, わ wa ta lanƙwaso ciki. ち ci yana kama da lamba 5, さ sa yana fuskantar ɗaya ɓangaren, き ki kuwa sa ne da aka ƙara wa zanen kwance. ほ ho yana da rufi a sama, は ha kansa a buɗe. お o yana da ɗan ɗigo a dama, あ a babu.

Sanin wannan a ka bai isa ba. Abin da yake aiki shi ne a ɗaura kowane harafi a jikin kalma: いぬ kare, あめ ruwan sama, ねこ kyanwa, これ wannan, わたし ni, さる biri, しろ fari, くち baki, あさ safiya, ほし tauraro. Rubuta su bibbiyu, kana faɗa da ƙarfi. Wasu suna amfani da hotunan tuni, a ce harafi kaza ya yi kama da abu kaza. Yawancin waɗanda ke intanet an gina su a kan kalmomin Ingilishi. Idan za ka yi, ƙirƙiri naka da Hausa, zai fi zama.

Kwana nawa zai ɗauke ni?

Sahu ɗaya a rana, kwana goma ke nan ka zagaye jadawalin, sai ka ƙara 'yan kwanaki don masu alama da haɗe-haɗe. Minti ashirin da safe da ashirin da dare sun fi awa uku a zama ɗaya ranar Asabar. Kowace rana ka fara da bitar na jiya kafin ka ɗauki sabo, kuma ka riƙa gwada kanka a hargitse, domin wanda ya haddace a jere yakan kasa gane ぬ sai ya faro daga な.

Kada ka jira ka gama kafin ka fara karanta kalmomi. Da wasula biyar kawai kana da いえ gida, うえ sama, あお shuɗi. Da sahun ka, ga かお fuska, こえ murya, えき tasha. Katunan takarda suna aiki, manhajar Anki ma tana yi, tana dawo maka da abin da kake mantawa.

Na haddace su duka, amma karatuna kamar na mai koyon tafiya. Lafiya?

Lafiya lau. Gane harafi mataki ne, karatu a sake wani mataki ne, kuma na biyun watanni yake ci. Maganinsa yawan karatu da murya, da maimaita rubutu ɗaya har ya yi santsi.

Akwai kuma dalilin da ba laifinka ba ne. Japananci ba ya barin fili tsakanin kalmomi. A rubutun manya, sauyawa daga kanji zuwa hiragana ne yake nuna inda kalma ta fara, saboda haka hiragana zalla tana da wuyar bi ko ga 'yan ƙasa. Littattafan yara ne suke sa fili. Nemi irinsu, da darussan Irodori da Japan Foundation ta sa kyauta a intanet tare da sauti. Idan ka ɗan yi nisa, shafin NHK na labarai cikin sauƙaƙan Japananci yana ɗora ƙananan hiragana a kan kanji, abin da ake kira furigana.

Ka kuma saba da fuska biyu. Ana rubutawa a kwance daga hagu zuwa dama, ana kuma rubutawa a tsaye daga sama zuwa ƙasa, layukan suna tafiya daga dama zuwa hagu. Littafin da aka buga a tsaye ta dama ake buɗe shi, kamar na Larabci.

Zan iya rubuta sunana da hiragana?

Don horo, ƙwarai kuwa: Musa むさ, Amina あみな, Sani さに. A takardun hukuma dai sunan baƙo da katakana ko romaji ake rubuta shi. Sunan da yake da l zai koma r, wanda baƙi ya tsaya shi kaɗai kuma za a ƙara masa wasali, Bala ya zama Bara, Usman ya zama Usuman.

Yaya zan sa ta a wayata?

A Gboard ko allon rubutun iPhone, shiga wajen harsuna ka ƙara Japananci. Za a ba ka zaɓi biyu. Ɗaya kana buga boko yana juyawa: ka buga nn don ん, wo don を, ha don は ko da wa ake furtawa, baƙi biyu a jere kuma su ba ka ƙaramin っ. Ɗayan mai maɓallai 12 ne, goma daga cikinsu kowanne sahu guda. Ka taɓa か ka samu ka, ka ja hagu ki, sama ku, dama ke, ƙasa ko. Na fi son mai koyo ya ɗauki na biyun. Da farko zai yi nauyi, amma yana tilasta maka tunani da jadawalin, babu boko a tsakani.

Bayan hiragana sai me?

Katakana, ba tare da dogon hutu ba. Sautukan ɗaya ne, adadin ma 46, siffofin ne masu kusurwa, kuma da ita za ka karanta sunan ƙasarka da jerin abinci a gidan cin abinci. Daga nan sai kanji a hankali tare da nahawu. Jerin kanjin amfanin yau da kullum da gwamnati ta sabunta a 2010 yana da 2,136. Yaran firamare suna koyon 1,026 cikin shekara shida, 80 kacal a ajin farko, saboda haka babu dalilin gaggawa.

Mai niyyar karatu ko aiki a Japan zai haɗu da jarrabawar ƙwarewa ta JLPT, wadda aka fara a 1984. Matakanta biyar ne, daga N5 na masu farawa zuwa N1, ana yin ta a Yuli da Disamba, wasu cibiyoyin sau ɗaya a shekara. Ko a N5 babu romaji a takardar tambaya, kuma lokaci a ƙayyade yake, don haka kafin ka yi rajista ka tabbata kana karanta hiragana da katakana ba tare da tsayawa kana lalube ba.